Kifin da Ya Ƙi Bushewa

Lagdo, 3 ga Maris, 1994

Zuwa ga Kawu Hamadu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Kawu, roƙo ne ya sa na ɗauki biro. Ranar 21 ga wata sufeton ilimi, Mista Léon, zai zauna a ajina. In darasin ya gamshe shi a tabbatar da ni a aikin koyarwa, in bai gamshe shi ba na tattara komatsaina.

Littafin da muke yi na Faransanci ne, labarin yaron masunta da ya bar gida ya tafi karatu birni. Ɗalibaina 'ya'yan masunta ne, amma da na buɗe shi sai hamma. Na samo kaset ɗin fim ɗinsa. Ka ara mini talabijin da bidiyon shagonka. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

A gaida Inna.
'Yarka, Ƙaltume

*

Garwa, 9 ga Maris

Ƙaltume,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Oho, yau kuma an tuna da ɗan kasuwar da bai san boko ba? Ga kayan nan a motar Yaya direba. Kada yaranki masu ƙarnin kifi su taɓa mini maɓalli.

Maganata tana nan. Ni na raine ki tun rasuwar mahaifinki, kuma kujerarki na jiranki a shagon atamfa. In mutumin ya kore ki, ki dawo ba kunya. Tun ranar tafiyarki Allah ya nuna miki, motata da za ta kai ki ta lalace kwana biyar cur, kika ƙi ganewa.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Lagdo, 22 ga Maris

Kawuna,

Gaisuwa mai yawa. Ka zauna tukuna kafin ka karanta.

Jiya muka toshe tagogi da zannuwa, sufeto ya zauna a baya, na kunna fim ɗin daidai wurin bankwanan yaro da uwarsa, inda na sha hawaye ni kaɗai a ɗaki. Uwar ta zaro kifi daga wuta mai balbali, yana tururi, ta danna a akwatin ƙarfe ta rufe. Kawu, sai ajin nan ya tuntsire da dariya, har da masu dukan tebur. Na ce a raina shi ke nan, atamfa ta kira ni.

Sufeto ya miƙe fuska a murtuke, ya tambayi abin dariya. Florentine, wadda ke taya uwarta bandar kifi a bakin dam, ta ce, "Mesiye, kafin ya kai tasha kifin nan ya ruɓe. Matar ba ta taɓa yin banda ba."

Ya ce, "To, marubucin fa, haka ya rubuta a littafin?"

Ban taɓa jin ƙarar takarda irin ta jiya ba. Yara sittin suna rige-rigen neman shafi. Florentine ta samo, ta karanta a bayyane: ƙananan kifi ne, wuta ƙasa-ƙasa, kullum da safe uwar ta taɓa su ta ce ba su bushe ba, har kwana huɗu. Sai yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Madam, ƙananan kifi ai wuni ɗaya ne. Sun bushe tuntuni. Ba ta son ya tafi ne."

Sau shida na karanta littafin nan, ban taɓa ganin haka ba. Sufeto ma ya ce shekara ashirin yana koyar da shi bai gani ba. Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya motsa. Ya sa hannu a takardata a gaban shugaban makaranta: an tabbatar da ni!

Murna ta hana ni cin abinci. Kayanka za su dawo ranar Asabar, ba wanda ya taɓa maɓalli.

'Yarka, Ƙaltume

*

Garwa, 27 ga Maris

Malama Ƙaltume,

Barka, barka. Na sa an karanta wasiƙarki a shago sau uku, maƙwabta sun gaji da ni. Bidiyon ya zauna wurinki, na bar wa ajin. Ki kai wa Florentine turmin atamfar da ke cikin kwalin nan.

Sauran magana ɗaya. Motar nan da na ce ta lalace kwana biyar, lafiyarta lau.

Ki zo hutu.
Kawunki Hamadu