Amsoshin da Suka Zame Layi Guda

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, da Inna da take hannunki. Yaya ƙafar tata? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Mu nan lafiya lau muke. 'Yan biyu sun shiga aji uku, mamansu kuma ɗinki ya yi mata yawa har ta cinye rabin falo da keke da ƙyallaye. Kin san ni da waya, sai in yi ta kewaye-kewaye har mu yi sallama ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin sha yi mini tsiya cewa shekara ashirin ina karatu don in koya wa kwamfuta cewa ruwa na jiƙa mutum. To, ba ki yi ƙarya ba, aikin ke nan. Akwai abubuwan da kowa ya sani ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba, kamar ƙwai in ya faɗi ba ya komawa ɓawonsa, kuma a nan ne na'ura ke tuntuɓe. Shekara shida da suka wuce na haɗa tambayoyi dubu goma sha biyu irin waɗannan, kowace da amsarta a gefe, eh ko a'a, don a riƙa gwada na'urori da su. Sai na ga wani abin mamaki: suna ƙoƙari a farko, amma da zarar an zo kashin ƙarshe, wanda ya shafi harkokin cikin gida, sai su zube warwas. Na rubuta maƙala a kai. Ita ce ta yi mini suna, don masana sun ambace ta a rubuce-rubucensu fiye da sau dubu biyu. A wajenmu kuwa da yawan ambato ake auna mutum, kuma da shi kwamitin ƙarin girma zai duba takarduna a wata mai kamawa.

Ranar wata Asabar da hantsi ina zaune ina shan shayi, Maman 'yan biyu tana yanka samfurin wuyan riga da tsofaffin takarduna, don ta daɗe da mayar da su nata. Sai na ji ta tuntsire da dariya. Ta ɗago wata takarda da almakashi ya riga ya ci gefenta, ta ce wane mai hankalin ne ya rubuta cewa in an rage tsawon riga, ana iya mayar da ita yadda take ba tare da an ƙara ƙyalle ba. Na ce ba wanda ya ce haka. Ta miƙo mini, na ga eh a gaban tambayar. Na duba ta ƙasa da ita, da ta ƙasa da waccan, sannan na buɗe kwamfuta na bi jadawalin layi-layi. A layi na dubu takwas da arba'in da ɗaya na samo abin. Wata tambaya ce ta maimaitu, na goge ta tun a wancan lokacin, amma na bar amsarta a wurin. Daga nan har ƙarshe kowace tambaya ta ɗauki amsar maƙwabciyarta. Ashe na'urorin ba su faɗi ba, Yaya. Ni ne nake kayar da su da takardar amsa mai kuskure, shekara shida cur.

Na ɗauka zan ji jiri ko in fasa ihu. Ban ji komai ba. Na shanye shayina, har na wanke kofin. Tun ranar nake kamar wanda likitan haƙori ya yi wa allura, ina taɓa wurin, na san nawa ne, amma ba na jin sa. Abin da nake ta juyawa a raina kawai shi ne, mutum dubu biyu da ɗoriya, farfesoshi da daktoci, sun ɗora gini a kan wannan aiki, kuma ba wanda ya taɓa buɗe shi ya karanta layi goma a jere, har da ni mai shi. Sai da tela ta zo neman takardar yanka.

Ranar Litinin na sami shugaban sashenmu, mutumin kirki ne, shi ya ɗauke ni aiki. Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, ya ce in bar kaza cikin gashinta har kwamiti ya zauna, bayan nan in gyara a hankali ba tare da an ji ba. Ya kuma tuna mini da ɗalibata, matar aure mai 'ya'ya biyu, wadda ta shekara huɗu tana rubuta kundin digirinta na uku a kan dalilin da ya sa na'ura ke faɗuwa a kashin nan na ƙarshe. Saura mata mako uku ta kare shi a gaban malamai. Ya ce in ba don kaina ba, in yi shiru don ita. Na ce masa zan yi tunani, kuma na yi. Mako guda ina shiga aji, ina koyarwa, ina sa hannu a takardu, wayata tana ta sanar da ni cewa an sake ambaton maƙalar.

Ba zan ce miki jarumta ce ta motsa ni ba, don ban ji wata jarumta ba. Ɗalibar ce ta kawo mini babinta na ƙarshe in duba, shafi sittin, da bayani mai kyau, tsaf, a kan abin da bai taɓa faruwa ba. Na kasa ɗaga jan biro. Na zaunar da ita, na juya mata kwamfutar, na nuna mata layin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko tun yaushe na sani. Na ce kwana tara. Ta ce ba komai, Malam, ta tattara takardunta ta fita. A ranar da yamma na aika wa mujallar da ta buga maƙalar takardar janye ta, na kuma nemi kwamiti ya cire sunana. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka, sai dai wannan karon ruwan bai tsaya a kaina ni kaɗai ba.

Shekaranjiya ta dawo da fom na neman canjin mai duba aiki. Za ta fara wani binciken daga tushe a hannun wani malami, shekara biyu aƙalla. Gurbin da aka ce a rubuta dalili ta bar shi fari fat, ba ta sa ko kalma ɗaya da za ta taɓa ni ba. Na sa hannu. Ta yi mini godiya kamar kullum, har da tambayar lafiyar 'yan biyu. Da ta zage ni, ina jin da allurar nan ta sake ni.

Ga abin da nake roƙon ki. Na ji Inna ta fara gaya wa masu zuwa duba ta cewa autanta zai zama farfesa, har tana cewa ko a keken guragu ne sai an kawo ta wajen bikin. Ki samu lokacin da ta ci abinci hankalinta ya kwanta, ki gaya mata babu wannan maganar bana, wataƙila ma har abada. Kada ki ce mata an zalunce ni, don ba wanda ya zalunce ni. Ki ce na yi kuskure a wajen aiki, na kuma faɗa da bakina. Ni na kasa, don na san daga sallamata za ta gane.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Kawu Dogo da iyalinsa, da Gwaggo Ƙarama, da takwarana da ƙannensa. Maman 'yan biyu tana gaishe ki, ita ma tun ranar ba ta ƙara taɓa takarduna ba. In Inna ta tambaya yaya nake, ki ce mata ina cin abinci, ina barci har da minshari. Gaskiya ce kuwa, kuma ita ce take ba ni tsoro.

Wassalam. Naki har kullum,
Auta