Tsamiyar Baba da Farantan Sola

Daren Laraba, Bunguɗu

Barci ya ƙi zuwa. Tumakina uku na sayar na zuba a wutar sola ta unguwa, ba don kallo ba, don firjin da zai riƙe allurar ciwon sugan Inna. Na gaji da ƙanƙarar da ke narkewa kafin la'asar.

Yau mai haɗa wutar ya ce batura ba sa cika, domin tsamiyar gidanmu tana yi wa farantan inuwa tun azahar. Bayan magariba mai unguwa ya zo da dattawa biyu. "Bello, kowa ya zuba guminsa, a taimaka a sare ta," in ji shi. Gobe da hantsi zai dawo jin amsa.

Marigayi Baba ne ya dasa ta shekarar da ya auri Inna. A gindin tsamiyar nan Inna take wuni.

Na faɗa mata. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ku ɗan jira in mutu, ai ba ni daɗewa."

Wayyo Allah. Ni da na sayar da tumakina don kada ta mutu.