Awa Biyar a Kujerar Roba

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da takwarata. Tikitin da kika aiko ya iso, Allah ya yi albarka.

Sai dai likita ya gindaya wa babanku sharaɗi. Tun da aka sa masa ƙarfe a gadon baya, zaman minti arba'in ma gagararsa yake. An ce ba za a sa masa hannu a takardar izinin tafiya ba sai ya iya zaman tsawon tafiyar ƙafarsa ba ta mutu ba. Babanku ya duba tikiti, tashi ƙarfe goma, sauka ƙarfe ɗaya, ya ce awa uku ai wasa ne.

Kin san shi da kafiya. Ya ajiye kujerar roba a shagonsa na gyaran agogo, ya ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwalina wai bel ɗin jirgi, kullum yana ƙara minti goma. Mai walda na kusa da shi har matuƙi yake kiransa. Ni ce ma'aikaciyar jirgin, mai kawo ruwa, ba ko sisi. Jiya ya cika awa ukun. Da ƙyar na ɗaga shi, amma bakinsa har kunne, yana ta lissafin rabonsa da ke shekara shida.

Ki shafa min kan jaririya.

Taki,
Umma

Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ku da fatan alheri. Ya jikin takwarata bayan rigakafi? Wannan karon da nauyin zuciya nake rubutu.

Mun je wurin mai sayar da tikiti don a zaɓa wa babanku kujerar gefe, sai ta ce tafiyar awa biyar ce, kilomita fiye da dubu huɗu. Ashe lokacin tashi da agogonmu aka rubuta shi, na sauka kuma da naku. Mun daɗe da sanin kuna bayanmu da awa biyu, amma wa zai kawo a ransa takarda ɗaya da agogo biyu? Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran agogo, ranar ga shi agogo ya yaudare shi.

Washegari ya koma kujerarsa. Sati uku yana fama. Ya kai awa huɗu da minti goma, gumi na zuba, yana ce min lafiya lau. Da ya yunƙura zai tashi, ƙafar hagu ta ƙi, ya zube tsakanin teburi da bango. Na roƙi likita, na ce ai ana miƙewa a jirgi. Ya ce ba kullum ake bari ba, kuma ba zai sa hannu ba.

Babanku ya ce in tafi ni kaɗai, in ce miki aiki ne ya riƙe shi. Ba zan tafi ba, ƙarya kuma ba zan yi miki ba. Na san samun hutu yana miki wuya, na san tafiya da goyo ba sauƙi, ban kuma taɓa yi miki ƙorafi ba. Amma Auta, tausayinsa ya hana ni sakat. Shi ba zai taɓa buɗe baki ya roƙe ki ba, don haka ni nake roƙo a madadinsa. Ya yi iyakar abin da bayansa zai iya, minti hamsin suka gagare shi. Ki mayar da tikitin nan da sunanki, ki zo.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Umma