Ƙofar Baya a Gahawar Ammu Sale

Zuwa ga Yaya Habu, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ƙanwarka Zainabu ce daga Jidda. Tunda ka daina ɗaukar wayata, na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Ka tuna gahawar Ammu Sale, shagon shan shayin nan na unguwar Sharafiyya? Gyara ta ake yi, wai ta zama kayan tarihi. Har da mai zagayawa da baƙi yana ba su labarin ɗakin baya: wai a da can nan ake ɗaure fursunoni kafin a loda su a jirgin ruwa, kuma har yau ana jin ƙarar sarƙa da tarin waɗanda ba a gani.

Mu ma da labarin nan aka rene mu. "Yalla, ku matsa, masu ɗakin ba sa son hayaniya," in ji Ammu Sale. Sai da muka girma muka gane tarin na masu rai ne, mutanenmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama, da yake ɓoyewa. Muka yi ta sa masa albarka.

Da taka iƙamar ta mutu, ni na kai ka can da ƙafata. Bayan kwana uku 'yan sanda suka kama ka a ɗakin, aka sa ka a jirgi zuwa gida.

Jiya na bi baƙin na shiga. An janye tsohon kabad ɗin nan, sai ga ƙofa a bango mai fita lungu, wadda ba wanda ya taɓa gaya mana da ita. Na tsaya ina tuno waɗanda aka ɓoye a ɗakin. Wallahi ban tuno ko ɗaya da ya tsira ba.

Ammu Sale ya rasu, ba na son cin naman mamaci. Amma raina ya ƙi kwanciya, don a lokacin makullan gahawar suna hannun mijina Usman, kuma shi ya ce in kai ka. Da na tambaye shi zancen ƙofar sai ya ce, "Halas, abin da ya wuce ya wuce," ya ture abinci ya fita.

Yayana, na san ni kake zargi, ban kuma ga laifinka ba. Amma kai kaɗai ka ga fuskar wanda ya buɗe wa 'yan sandan ƙofar nan. Don Allah ka gaya mini. Ko wane ne zan iya ɗauka. Abin da na kasa shi ne in ci gaba da zuba wa Usman shayi ban sani ba.

Allah ya tsare mini kai, ya sanyaya zuciyarka, ya bayyana gaskiya ko da a ɗakina take.

Ƙanwarka mai kewarka,
Zainabu