Ranar da Odar Motarka Ta Yi Shiru a Lambara

Zuwa ga Maigida, bayan gaisuwa irin ta mata ga mijinta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Jikanka Bello ke rubuta mini wannan. Yau odar motarsa ta ƙi kuka, na ce ya leƙa bakinta tukuna kafin ya nemi makaniki. Ya yi dariya, wai ina tsohuwa ta san mota. Shi ya sa na ce zauna ka rubuta, kakanka zan kai wa ƙara.

Ka tuna shekarar da na tafi gidanmu Lambara haihuwar fari? Zamanin Turawa ne, kana jan babbar motar kamfani mai ɗaukar gyaɗa da auduga, daga Sakkwato ka bi ta Bodinga ka nufi Jega. Hanya ta bayan dangarmu ta wuce. Amma ina kai ina shiga gidan surukai? Balle a ji ka tambayi lafiyar 'yar fari, ai da ka zama abin faɗi a tasha. Ko ranar suna can ka raɓe bayan abokanka, ba ka ga fuskarta ba.

Sai ka mai da oda bakinka. In ka zo daidai tsamiyarmu ka danna gajeru biyu, ka ja doguwa. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, ni kuwa in sunkuyar da kai in ci tuwona da daɗi.

Da damina ta yi ƙarfi aka rufe hanya, motoci suka yi ta kwana a Bodinga. Ranar da aka buɗe na ji rurin motarka tun daga nesa, na ajiye ludayi ina jira. Ta zo, ta wuce, shiru. Wallahi na ji tsoro. Na ce ko wani ke tuƙi, kai kana kwance ba lafiya. Na ce ko ka gaji da mu. Kuma ba wanda zan iya tambaya.

A dawowa sai ka tsaya ƙarƙashin tsamiya ka ɗaga murfin inji. Ta hudar danga na kalle ka. Ka goga wayoyin batir, wuta ta yi tartsatsi. Ka zare fis ka ɗaga shi a rana, lafiyarsa lau. Ka kwance madannin sitiyari ka hure ƙura, ka kankare tsatsar da ke gindin oda. Da ka jawo waya daga batir kai tsaye zuwa gare ta, sai ta yi wani gurnani kamar akuyar da aka toshe wa baki. Wuta na zuwa ke nan, murya ce babu. Duk wannan, rabin idonka na kan dangarmu.

Baba, wanda ko keke bai taɓa hawa ba, ya karɓi yarinyar daga hannun Inna ya fita. Har yau ina jin muryarsa: “Riƙa man ɗiyag ga, in diba maka motar.” Ya ba ka baya, ya cusa kai cikin inji ya daɗe, yana gyaɗa kai kamar mai karanta allo. Kai kuma kana tsaye da ita a hannuwa masu baƙin mai.

Ashe zanzaro ne ya yi gini da laka a bakin odar, lokacin da motar ke ajiye. Da tsinke ka tone shi. Sai da muka tsufa ka gaya mini tun buɗe murfi ka hango ginin, sauran duk neman dalilin tsayawa ne. Ja'iri!

Yarinyar nan, da har yau ban iya kiran sunanta ba, yanzu ita ma da furfura. Zanen goyon da ka ɓata da mai yana nan ƙasan adakata, ban taɓa wanke shi ba. Ina kewarka, Maigida. Na faɗa, kowa ya karanta, kunyar ta ishe mu haka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya haɗa ka da Baba a inuwa mai sanyi. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani. Ka danna kamar yadda ka saba, zan gane kai ne.

Taka har kullum,
Mai leƙe ta hudar danga.