Usur Ya Raba Ni Da Tuwon Hajiya

Zuwa ga Yaya Habsu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya nake a Gure, sai dai darektan lakwal, wato shugaban makarantarmu, ya rataya mini usur, wai ni ne alƙalin ƙwallon kwando, don kawai na fi sauran malamai tsawo. Yaya, dokokin ma a bakin ɗalibai nake koyon su.

A wasan farko na fitar da Huda, ƴar mai gidan da nake haya, don ta ture wata yarinya har leɓenta ya fashe. Ajinsu ya sha kashi. Tun ranar uwarta Hajiya ta daina aiko mini da tuwo. Da na gaishe ta, sai ta ce, "Mushe, busa usur ɗinka, ƙila abinci ya zo." Mushe ake ce wa malamin makaranta a nan.

Kada ki gaya wa Inna, ban rame sosai ba. Ki dai aiko mini da yaji, ki kuma rubuto yadda ake kaɗa miyar kuka.

Ran Asabar ɗalibanmu za su kara da ƴan makarantar garin Kelle. Ni ne alƙali, Huda na ciki, kuma Hajiya ta ce da kujerarta za ta zo. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Jibirilla