Samanja Ba-Ya-Ci

Yammedi, Karaye.
Farkon kaka.

Zuwa ga abokina Abdulsalami Mai Igwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya gwiwar nan, yaya kuma kunnen da igwa ta cinye maka? Mu nan lafiya lau, uwargida Hajo tana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ranar da na kira ka a waya, sai da maƙwabtana duka suka ji zancen, kai kuwa kana ta ce mini “Na'am?” Saboda haka na ba Liti direba wannan, tunda shi ke kai masara Funtuwa, ya ajiye maka a shagon ɗanka.

Ka tambaye ni ko har yanzu noma nake yi. Ina taɓawa, amma ka san mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin get ba ya iya zama ya zuba wa dawa ido. Ƙungiyar ’yan acaɓa ta Rogo ce ta neme ni, suka ce in kula musu da layi da ladabtarwa. Wanda ya tsallake layi, wanda ya yi lodin da ya wuce kima, wanda ya zagi fasinja, ni nake karɓe masa rigarsa mai lamba, ya huta na ’yan kwanaki. Wato dai aikin ɗan sandan soja ne, sai dai babu jar hula, babu farin bel ɗin da muke kwana gogewa. Samanja suke ce mini, kuma tasha ta yi tsari, alhamdu lillahi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ka tuna ’yata Munawwara, wadda aka haifa muna Kaduna? Yanzu malama ce a wata firamare a Rogo. Wani malami abokin aikinta, Bahauddeen, mutumin Beli, ya fito neman aurenta. Yaro ne mai hankali, ita ma tana sonsa ƙwarai, ba ta ɓoye wa uwarta ba. Magabatansa sun zo gaisuwa tun kafin damina, aka ce za a dawo sa rana. Ga shi har an fara cire gyaɗa, shiru.

Hajo ce ta bi ta hanyar mata ta gano dalili, kuma dalilin ni ne. Kwanakin baya an yi rasuwa a gidan su Bahauddeen na je ta'aziyya. Mahaifinsa, Malam Ɗantala, ya sa aka kawo mini fura da tuwo har gabana. Na ce alhamdu lillahi, na ture kwanon gefe. Ya ce ko kurɓa in yi, na ce a ƙoshe nake. Ashe da suka zo bincike nan Yammedi, an gaya musu haka nake. Duk yamma maza suna fito da kwanukansu ƙofar gida a yi ciyayya, ni kuwa sai in yi sallama in wuce ciki. Har suna aka sa mini ban sani ba, wai Samanja Ba-Ya-Ci. Mutanen Beli suka ce ɗayan biyu ne, ko na raina abincinsu, ko ina zargin za a sa mini wani abu. Kowanne ne, ba sa son surukuta da irin wannan gida.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ni da na ci garin rogo da ruwan sama a Saliyo, tuwon wa zan raina? Ka san yadda aka hore mu. Ranar farko a makarantar jar hula, malaminmu ya ce duk sojan da ke bariki wata rana kana iya tasa shi gaba, don haka kada ka saba cin abinci da kowa. Yanzu ma yaran da nake hukuntawa ’ya’yan mutanen nan ne, ƙanin Bahauddeen ɗin ma, Ja'afar, yana cikinsu. In na sa hannu a kwanon ubansa yau, da wane ido zan karɓe rigarsa gobe?

Munawwara ba ta ce mini komai ba. Tana kawo mini abinci, ta durƙusa ta ajiye, ta fita. Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi. Ka ba ni shawara, ka rubuto ta hannun Liti.

Ka gaishe da mutanen gida.

Naka,
Sulle.

Yammedi, Karaye.
Bayan cire gyaɗa.

Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, yaya iyali, yaya hidimar kaka? Takardarka ta iso. Rubutunka har yau kamar kaji sun yi tonon ƙasa, amma na karanta, na kuma sake karantawa.

Na nemi shawara, sai ka aiko mini da faɗa. Ka ce in daina fakewa da malaminmu, domin bayan horon ma mun daɗe muna ci a kwano ɗaya, ni da kai, tun daga difon horar da sojoji a Zariya har barikin Jos. Ka ce ka san ranar da na daina. Ni ma na sani.

Muna Jos ka je duba mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ka zarce kwanakin hutunka. Ka dawo da dambun da ta sa aka yi maka, muka zauna bayan ɗakinmu muka cinye tas. Ban ko wanke hannu ba aka aiko in kai ka gadirum, ɗakin tsare sojoji. Na sa hula, na tasa ka gaba, ina ba ka oda kana taka fareti, man dambun gidanku yana yatsuna. Aka cire maka igiya. Ban yi laifi ba, aikina ne, kuma ko yau aka ce in yi zan yi. Amma tun ranar na ce ba zan ƙara shiga irin wannan hali ba. Daga nan duk inda aka kai mu, Legas, Saliyo, Darfur, a kan bonet ɗin mota nake cin nawa, ni kaɗai, ina juya wa mutane baya.

Duk shekarun nan na ɗauka kamun ne ya yi maka ciwo, shi ya sa ban taɓa tayar da zancen ba. Sai ga shi ka rubuta cewa kamun bai dame ka ba, ka san ka yi latti, igiyarka ma ta dawo. Ka ce abin da ya ƙona maka rai shi ne ranar da ka fito, ka ɗauko kwano ka zo inda nake, na ce maka alhamdu lillahi. Ka ce ka ɗauka ƙyamar fursuna nake yi.

Wallahi ban taɓa zaton haka ba. Ni ina ganin kare abota nake yi, kai kana ganin na yar da kai. To in kai da ka san ni ciki da waje ka fahimce ni a haka, me zan ce da mutanen Beli?

Ranar Juma'a na sa babbar riga na hau babur na tafi. Na tarar da Malam Ɗantala a zaure da ’ya’yansa, an dawo daga masallaci. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta. Aka kawo abinci, ya yi mini tayi na fita kunya, yana kallon bango. Na janyo ruwa na wanke hannu. Da ka ga yadda zauren ya yi tsit, sai ka ce kwamanda ya shigo. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa ɗanya, kwano ɗaya da shi da Bahauddeen da Ja'afar. Na manta yadda ake yi, Abdulsalami. Na yi ta cin gaban Ja'afar ban sani ba, har ya juya kwanon yana dariya. Na ba su labarin jar hula da dalilina, ban faɗi sunanka ba. Tsohon ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ƙara mini miya.

Bai yi maganar sa rana ba, ni ma ban yi ba. Amma ya rako ni har bakin hanya. Da na dawo na gaya wa Hajo, sai na ji Munawwara tana waƙa a madafa, abin da na daɗe ban ji ba.

A gaishe da kowa.

Naka,
Sulle.

Rogo.
Ranar kasuwa.

Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya jiki? Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, a kan bencin tasha nake rubutu, Liti yana lodi.

Abin da nake gudu ya faru, kuma ina jin haushinka kaɗan. Yau da hantsi Ja'afar ya tsallake layi, ya ɗauki wata mata da buhunan gyaɗa gaba da baya, lodin da ko jaki zai ƙi. A kwalbatin fita gari babur ya ƙwace masa. Allah ya kiyaye babu karaya, amma matar ta goge hannu da gwiwa, gyaɗarta ta watse a titi. Hukuncin wannan a wurinmu sananne ne: a karɓe riga mako biyu, ya kuma kai matar a duba ta. Kuma yanzu ne lokacin samunsu, kaka ce.

Duk tashar nan an san na ci tuwo a Beli. Suka kewaye mu suna jira. Wani dattijo a cikinsu ya ja ni gefe ya ce in yi masa faɗa kawai ya wuce, ai ɗan gida ne, kada in ɓata abin da na gyara da kaina. Na tuna Munawwara da waƙarta. Na kuma tuna makon jiya na karɓe rigar wani yaro kan abin da bai kai wannan ba, shi ba shi da wa mai neman ’yata.

Na ce Ja'afar ya cire riga. Ya kalle ni, ya kalli hannuna na dama, na san abin da yake tunawa. Ya cire ya jefar a kan benci, ya ja babur ɗinsa ya tafi ko sallama babu.

Ga rigar nan kusa da ni. Ina ta tuna ranar Jos. Ban san da wace fuska zan shiga gida ba. In wannan aure ya watse, ’yata ce za ta biya, ita da ba ta tsallake layin kowa ba. Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Sulle.

Yammedi, Karaye.
Ƙarshen kaka.

Zuwa ga abokina Abdulsalami Mai Igwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya. Yaya gwiwa, yaya yara? Hajo da Munawwara suna gaishe ka da kyau.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Hajo ta ce da ma na san haka zan yi, da ban je na cinye wa mutane tuwo ba. Munawwara ta koma shirunta, idanunta kullum ja. Bahauddeen ya daina zuwa zance, ba don fushi ba, wai yana jiran ya ga inda iyaye za su karkata. Daga Beli ko tari ba a yi ba. Ni kuwa da yamma na riƙa ɗaukar kwanona ina fita ciyayya ƙofar gida, tunda na riga na fara. Ranar farko har wani ya tambaye ni ko lafiya.

Ja'afar kullum sai ya zo tasha, ya zauna nesa a ƙarƙashin darbejiya, ya sha mur, yana kallon ’yan'uwansa suna kwasar fasinja. Ba ya gaishe ni, ni ma ban neme shi ba.

Shekaranjiya da azahar ina zaune a bencina, sai na ga ya tashi ya je wurin mai dafaffen rogo. Ya sa aka yanka masa, aka barbaɗa ƙuli da yaji, ya taho. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, fuskar nan a ɗaure, ya ajiye kwanon a tsakaninmu, ya turo shi wajena. Bai kalle ni ba. Ya ce in yi bisimilla.

Bakina ya saba, saura kaɗan in ce alhamdu lillahi. Sai na tuna da kai tsaye da kwano a Jos. Na wanke hannu na ci.

Muna ci yana ƙorafi. Ya ce shi har yanzu yana ganin mako biyu ya yi yawa. Na ce haka dokar take, kuma ba zan rage ko yini ba. Ya ce ya sani. Ya ce ya kai ƙarata wurin Baba, Baba ya tambaye shi ko ya tsallake layin, ya ce e, Baba ya ce to ya rufe masa baki. Sai da muka kusa gamawa, yana siɗe yatsa, ya ce af, an aiko shi ya gaya mini ranar Juma'a suna tafe Yammedi da goro, za a sa rana. Ya ɗauki kwanon ya mayar wa mai rogo. Rigarsa tana wurina har kwanakinsa su cika.

Na daɗe a zaune a wurin. Ashe ana iya ci da mutum a hukunta shi, a sake ci da shi. Abu ne mai sauƙi haka, amma sai da na yi furfura wani ɗan acaɓa ya nuna mini. Na yi farin ciki saboda Munawwara, na kuma yi baƙin cikin shekarun da na ci abinci a kan bonet kana nan kusa.

Da zarar an sa rana zan aiko maka. Kada ka kawo mini zancen gwiwa, Liti ya ce zai ɗauko ka a gaban mota ya sauke ka ƙofar gidana. Ka zo da kwana biyu kafin taro, kafin gida ya cika. Na ce da Hajo ta yi mana dambu. Ta tambaye ni kwano nawa za ta zuba, na ce ɗaya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Naka har kullum,
Sulle.